Jan kifin ado a kwarmin lambu: ina girmansa yake tsayawa?

Masu sayar da kifin ado suna da wata magana da suke kwantar wa mai saye hankali da ita: wai jan kifin nan daidai mazubinsa yake girma, in ka sa shi a kwalba zai zauna ɗan ƙarami har ya mutu. Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa a kwarmin siminti a Tsibiri ko Jiratawa ya san da gyara a zancen. Kifi ba ya auna bango. Ruwan da ya ɓaci, da ƙarancin iska, da cunkoso, su ne ke tsumburar da shi.

Asalin kifin daga ƙasar Sin yake, inda aka fi shekara dubu ana kiwonsa. Kakansa kifin gulbi ne mai launin ƙasa-ƙasa, sai masu kiwo suka riƙa ware waɗanda suka fito ja ko ruwan zinariya suna haɗa su. A zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, ya riga ya zama abin ado a tafkunan manya. Ya shiga Turai a ƙarni na 17, ya kai Amurka wajen 1850.

Kifi ba kamar akuya ba ne da ke kai wani tsawo ta tsaya. Muddin yana raye yana ƙaruwa, sai dai saurin ya ragu in ya tsufa. Kuma wannan kifi yana daɗewa: shekara 10 zuwa 20 ba abin mamaki ba ne a kwarmi mai kyau, wani ma da aka yi kiwonsa a Ingila ya kai shekara 43 kafin ya mutu a 1999. A kwalba da ƙyar yake wuce santimita 5 zuwa 10. A kwarmi mai faɗi, mai dogon jikin nan mai wutsiya ɗaya yakan kai santimita 25 zuwa 30 cikin ƴan shekaru, kusan ƙarfasa babba ke nan. Masu ƙullutun ciki da tagwayen wutsiya ba su kai haka. In kuwa ya sami gulbi, sai abin ya wuce nan: masu bincike na Jami'ar Murdoch sun kama mai nauyin kilo 1.9 a kogin Vasse, yammacin Ostareliya, suka kuma bi sawun wani da ya yi tafiyar fiye da kilomita 230 a shekara ɗaya.

To, me zai faru a ƙasarmu ta Gobir da Katsinar Maraɗi? A Turai sanyin hunturu yana sa kifin ya daina ci watanni, girmansa ya tsaya cik. A nan ɗarin Disamba da Janairu ba ya kai ga haka, don haka kifin zai ci ya ƙaru kusan duk shekara. Wannan riba ce. Hasarar tana zuwa da bazara. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ruwan da ba shi da zurfi kuma yana bin zafin. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana riƙe oksijin wajen miligiram 9. In ya kai digiri 35 sai ya sauko kusan 7, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarsa. Ga amoniya da yake fitarwa, wadda dafinta ke ƙaruwa da zafi. Ga rana da iska suna shanye kusan santimita guda na ruwa kullum, datti yana taruwa a abin da ya saura.

Anan mai kiwon tarwaɗa zai iya ruɗuwa da abin da ya saba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa ake cusa ta da yawa a kwarmi ɗaya ta kai kilo cikin wata shida in abinci ya wadata. Gaiwa ma tana shiga laka ta jira damina. Jan kifin ado ba shi da wannan baiwa. Yana da juriyarsa, gaskiya: jikinsa na iya jure rashin oksijin na wani lokaci, amma a ruwan sanyi ne dabarar take daɗewa, kuma jurewa daban, girma daban. In ka gan shi da asuba a saman ruwa yana haki, ruwan ne ya gaza. Kada kuma a haɗa su wuri guda, don tarwaɗa za ta haɗiye ƙananan.

Abin da kwarmi yake so a nan ba ya da tsada sosai. Zurfi ya kai mita ɗaya ko fiye, don ƙasan ya riƙe sanyi. A sami inuwa da rana tsaka. Bado ko kainuwa su rufe wani sashe, amma ba duka ba, domin da dare su ma iska suke ja. Kifin ba shi da tumbi na sosai, saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau biyu ko uku, abin da zai cinye nan take. A riƙa rage ruwa ana ƙara sabo. Wanda aka rage ba asara ba ne: masu lambun zogale da albasa a Jiratawa za su same shi taki. A ganina wannan ce hanya ɗaya da kiwon ado zai halatta a ƙasar da ruwan samanta bai fi milimita 500 ba sosai, wato kwarmin ya zama tashar da ruwa ke yada zango kafin ya shiga fangali. Zalɓe da guza kuma suna ganin ja daga nesa, sai a yi raga.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da kifin ya yi yawa. Yana hayayyafa ƙwarai, ƴaƴan kuma baƙi-baƙi suke fitowa, in suka koma daji zuriyar takan koma launin kakanninta, ba mai gane su. A Yulin 2021 hukumar garin Burnsville a jihar Minnesota ta Amurka ta roƙi jama'a su daina zuba shi a tafkuna, bayan an kamo manya-manya a tafkin Keller. Yana tonon laka, yana tumɓuke ciyawar ruwa, yana cin ƙwan wasu kifaye. Tafkin Madarumfa, wanda ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 2019, abincin masunta ne, kuma ruwan gulbi ke shayar da shi. Don haka mai kwarmi a fadama ya ɗaga bakin kwarmin sama da inda ambaliyar Agusta take kaiwa, rarar kifin kuma ya ba wanda yake da rufaffen kwarmi.