Kunkuru mai zane da kyanwa mai jin umurni

Dattawan da suka san Yamai a farkon mulkin kai suna tune da telebijin ta lakwal. A shekarar 1964 aka fara ta, da taimakon Faransa, cikin ajujuwa kaɗan. Ana aje akwatin gaban yara. Darasi yana fitowa, yara suna kallo, suna maimaitawa da Faransanci. An yi shekaru ana haka, kafin a daina wajen ƙarshen shekarun 1970. A wancan zamani akwati ne ke magana, yaro nasa saurare.

Yau wani akwati yana shiga lakwal a ƙasashe da yawa. Sunansa kwamfuta. Wanda ya riƙe babbar salula ya riga ya san danginta. Iyaye manoma da makiyaya suna da hakkin su tambaya: yaron da aka ɗauke daga kiwo aka kai lakwal, me wannan na'ura za ta ƙara masa? Amsar tana ga abu ɗaya. Wa ke ba da umurni, na'urar ko yaron?

Wani malamin lissafi, Seymour Papert, ya daɗe da tunani a kan haka. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1928, ya yi aiki a wata babbar makaranta ta Amurka da ake kira MIT. A 1967 shi da abokan aikinsa suka shirya wa yara wata hanyar magana da kwamfuta, suka sa mata suna Logo. Daga baya suka haɗa ta da wata ƴar na'ura mai ƙafafun taya, da alƙalami a cikinta. Kunkuru suka ce mata.

Wannan kunkuru bai san kome ba. Sai abin da yaro ya gaya masa. Yaro ya ce: yi gaba taki 10. Ya yi, alƙalami ya bar layi. Yaro ya ce: juya dama digiri 90, wato kwana irin ta kusurwar ɗaki. Ya juya. In aka maimaita haka sau 4, sai ga zane mai kusurwa 4, kamar harsashin ɗakin soro. In kuwa yaro ya ce gaba taki 1, juya digiri 1, maimaita sau 360, sai ga da'ira kamar gindin rumbu.

To, a ce yaro ya yi kuskure, ya sa 80 a wurin 90. Zanen ba zai rufe ba, kusurwa za ta karkace. Kunkuru ba ya tsawa, ba ya bulala. Yaro da kansa zai duba umurninsa ɗaya bayan ɗaya, har ya gano inda ya ɓata, ya gyara. Papert ya ga cewa nan ne karatun yake. Duk magini da ya taɓa rushe katangar da ta karkace ya sake ɗorawa zai gane maganarsa.

A 2007 wani almajirin Papert, Mitchel Resnick, da mutanensa a MIT suka fito da sabon abu mai suna Scratch. Kyauta ne. An yi shi domin yara masu shekara 8 zuwa 16. A nan ba sai yaro ya rubuta dogon umurni ba. Umurnin yana cikin ƴan guntaye masu launi, yaro yana jawo su yana jerawa kamar tubali bisa tubali. Gefe guda ga hoton wata kyanwa tana jira. Abin da aka jera, shi take yi: ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta yi magana. An fassara Scratch cikin harsuna fiye da 70, har da Faransanci da Larabci da Hausa. Akwai irin wanda ake sawa cikin kwamfuta ya yi aiki ba tare da intanet ba. A 2014 aka fito da ƙaninsa, ScratchJr, na yara masu shekara 5 zuwa 7. Shi hotuna ne a kan tubalan, ko wanda bai iya karatu ba yana jera su.

Ba dole ne a tsaya ga kyanwa ba. Yaro yana iya zana akuya da gonar wake da shinge. Ya jera umurni: in akuya ta taɓa shinge, ta koma baya, in ta shiga gona, a rage wa makiyayi maki 1. Yarinya tana iya zana Gizo da Ƙoƙi, ta ɗauki muryarta ta sa musu, tatsuniyar kakarta ta motsa gaban ƴan ajinsu. Wasa ne a ido, amma akwai ƙidaya ciki, akwai awo, akwai rubutu. Kuma tunanin ba baƙo ba ne ga ɗan manomi. Sara rami, zuba iri, rufe da ƙafa, ƙara taki, maimaita har ƙarshen kunya: umurni ke nan a jere. In ruwa ya sauka a yi shuka, in bai sauka ba a jira: shi ne tubalin da ke cewa "idan".

Sai dai raba na'ura daban, karatu daban. A 2005 wani malamin MIT, Nicholas Negroponte, ya kawo shirin ba kowane yaro kwamfutarsa. Ya ce kuɗinta dalar Amurka 100. Ba dalar kasuwa ta tamma 5 ba: wajen jika 50 ke nan a lokacin. An nuna samfurinta a Tunis, da marfin juyawa na ba ta wuta, sai marfin ya ɓalle a hannun Kofi Annan, magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Da aka zo ƙera ta, kuɗin ya kusa ninkawa.

Ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, ta sayi fiye da 800.000, ta kai da yawa cikin ƙauyuka. A 2012 wani bankin raya ƙasashen yankin ya fito da sakamakon bincike a lakwal 319 na karkara. Bayan wata 15, yara sun iya sarrafa na'urar, kuma an ga alamar kaifin tunani ya ɗan ƙaru. Amma a lissafi da karatu ba su fi yaran da ba a ba ba. Malamai da yawa horo kaɗan suka samu, na'urar ba ta shiga cikin darasi sosai ba. An sayi garma, ba a horar da shanu ba.

Saboda haka, in wata rana aka zo da maganar kwamfuta a lakwal ɗin gari, ko aka nemi iyaye su yi karo-karo, kwamitin iyaye ya fara da mushe. Kwana nawa za a horar da shi, kuma wa zai dawo ya duba shi? Sannan wuta: ƙauyuka da yawa ba su da lantarki, sai an sa allon hasken rana da batir, batir kuwa yana mutuwa. Ƙura da zafin bazara suna kashe na'ura, balle a ajin zana da ba ƙofa. In ta lalace, ina mai gyara, Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kuma aljihun wa? A tambaya kuma ko ƴan mata za su samu layinsu, domin inda na'ura ta yi kaɗan, samari masu ƙarfi ne ke rigan kowa. Babbar tambaya ta zo ƙarshe: a nuna abin da yara za su ƙera da hannunsu. In kallo ne kawai, telebijin ta 1964 ce ta dawo da sabuwar riga.

Inda na'ura ba ta iso ba, ana iya farawa. Papert da kansa yakan sa yara su zama kunkuru da jikinsu kafin su taɓa kwamfuta. Mushe ya fitar da aji fili. Yaro ɗaya ya riƙe kara yana ja bisa rairayi, ba ya motsi sai an ce. Sauran su rubuta umurni a allo: gaba taki 5, juya dama, maimaita sau 4. In zanen bai rufe ba, ba a taɓa mai kara. Ana komawa ga allo a nemi layin da ya ɓata.