Tsofaffin motocin wasanni na Birtaniya a Kano

Tsofaffin motocin wasanni na Birtaniya wasu ƙananan motoci ne marasa nauyi, galibinsu masu mazaunin mutum biyu da rufin da ake naɗewa, waɗanda kamfanonin Ingila irin su MG, Triumph, Austin-Healey, Jaguar, Lotus da Morgan suka ƙera, musamman tsakanin shekarar 1945 zuwa 1980. A yau mutane a ƙasashe da dama suna mallakar su, suna gyara su, suna kuma fita da su a ranakun hutu don sha'awa. Ƙungiyar FIVA, wadda ke kula da harkar motocin tarihi a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 da ƙerawa kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba.

A birnin Kano wannan sha'awa ba ta yaɗu sosai ba. Riƙe irin wannan mota a birnin ya dogara ne a kan kanikawa, masu walda da 'yan kasuwar kayan gyara da ke ƙaramar hukumar Fagge, wadda ta haɗa da mazaɓun Kwaciri, Rijiyar Lemo da Sabon Gari, da kuma kasuwar Ƙofar Ruwa da ke maƙwabtaka da ita.

Tarihi

Kamfanin MG ya samo asali ne daga garejin Morris da ke birnin Oxford a shekarun 1920, a ƙarƙashin jagorancin Cecil Kimber, kuma ya koma garin Abingdon a 1929. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta shiga ƙarancin kuɗin waje, sai gwamnati ta riƙa fifita kamfanonin da ke sayar da kayansu a ƙetare wajen rabon ƙarfe. Wannan ne ya sa akasarin motocin wasanni da aka ƙera a Ingila suka tafi kasuwannin waje, musamman Amurka. Motar MG TC, wadda aka yi kimanin guda 10,000 daga 1945 zuwa 1949, tana cikin waɗanda suka buɗe wannan kasuwa.

A 1968 aka haɗe yawancin kamfanonin a ƙarƙashin British Leyland. Yajin aiki, rashin ingancin aiki da gasar motocin Japan sun raunana kamfanin, har gwamnati ta karɓe shi a 1975. An rufe masana'antar Abingdon a 1980. Sunan MG ya koma hannun kamfanin Nanjing na ƙasar Sin a 2005, daga baya kuma ya shiga ƙarƙashin SAIC, don haka sababbin motocin MG da ake gani a yanzu ba su da alaƙa da tsofaffin sai ta suna.

Fitattun samfura

MGB: an ƙera ta daga 1962 zuwa 1980, fiye da guda 500,000. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa cc 1,798. Ita ce ta fi sauƙin samun kayan gyara.

Triumph Spitfire: daga 1962 zuwa 1980, fiye da guda 300,000. Gabanta gaba ɗaya yana ɗagawa, abin da ke ba makanike damar isa ga inji ba tare da wahala ba.

Triumph TR6: mai silinda shida, an daina ƙera ta a 1976.

Austin-Healey 3000: daga 1959 zuwa 1967, ta yi suna a gasar tseren motoci ta dogon zango.

Jaguar E-Type: an fara nuna ta a baje kolin motoci na Janiba a watan Maris na 1961. Ta fi sauran tsada da wuyar gyara.

Morgan: har yanzu ana ƙera ta a garin Malvern, kuma ana amfani da katako wajen haɗa ƙashin bodinta.

Motocin Birtaniya a Kano

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma bayan 'yan shekaru aka kafa Sabon Gari domin baƙin da suka zo aiki da kasuwanci daga kudancin Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Cinikin gyaɗa, fatu da auduga ya jawo kamfanonin Turawa, su kuma suka kawo motoci. Fagge, wadda tun da daɗewa zangon fatake ce a bayan ganuwar birni, ta zama matattarar direbobi, dillalai da masu gyara.

Mafi yawan motocin Birtaniya da suka yi aiki a Kano na neman abinci ne: manyan motocin Bedford, Austin da Leyland masu ɗaukar kaya, Land Rover ta ma'aikatan gwamnati da En'e, da Morris Minor da aka yi tasi da ita a biranen Najeriya. Motocin wasanni ba su yi yawa ba, domin ba su ɗaukar iyali ko kaya, kuma gindinsu yana kusa da ƙasa ƙwarai. Sai dai injunansu dangin juna ne da na motocin aiki. Injin MGB, alal misali, daga jerin injunan da aka sa wa motocin Austin da Morris na iyali ya fito, shi ya sa makaniken da ya koyi aiki a kan waɗancan ba ya ganin baƙon abu idan ya buɗe ta.

Abubuwa biyu ne suka kawo ƙarshen zamanin motocin Birtaniya a Najeriya. Na farko, a ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar, Kamaru da Dahomey, wadda ake kira Benin a yanzu. Motocin da ke da sitiyari a dama sun zama na tsohon yayi. Na biyu, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, sannan motocin Japan suka cika kasuwa. An kafa masana'antar Leyland a Ibadan, amma ba ta daɗe tana aiki sosai ba.

Kano ta shiga tarihin tseren motoci na duniya a 1974, lokacin da aka tsara gasar da ta tashi daga Landan zuwa Munik ta yadda za ta ratsa hamadar Sahara har zuwa Kano kafin ta juya arewa. Motoci da yawa sun maƙale a hamada, kuma wata Citroën DS ce ta lashe gasar. A ɓangaren adana kayan tarihi kuwa, misalin da aka fi sani a birnin shi ne tsofaffin motocin Rolls-Royce na fadar Sarkin Kano, waɗanda ake fitowa da su a wasu bukukuwa.

Yanayin Kano da tasirinsa

A Ingila babban abokin gabar waɗannan motoci shi ne tsatsa, saboda damshi da gishirin da ake zubawa a tituna lokacin sanyi. A Kano iska a bushe take a yawancin watannin shekara, don haka ƙarfe yana daɗewa. Haɗarin tsatsa yana zuwa ne da damina, daga Yuni zuwa Satumba, idan ruwa ya bi ta yagaggen rufi ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Wannan ya fi muni ga MGB, domin ba ta da shasi daban, bodinta ne ke ɗauke da nauyinta. Idan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi ya ciwu, motar tana lanƙwashewa a tsakiya.

Zafi shi ne matsala ta biyu. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana yana kaiwa digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, alhali an tsara lagireton motocin ne don ƙasa mai sanyi. A cunkoson titin Katsina ko na kewayen kasuwar Sabon Gari inji yana iya tafasa, fetur kuma yana iya zama tururi a cikin bututu, motar ta mutu ta ƙi tashi sai ta huce. Maganin da aka saba yi shi ne wanke lagireto ko ƙara masa layi, da sanya fankar lantarki. Rana kuma tana busar da roba, fatar kujeru da rufi.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana toshe matatar iska. Idan ta shiga inji takan cinye ringi da bangon silinda.

Kulawa da gyara

Waɗannan motoci ba su da kwamfuta, kuma ana iya kwance kusan kowane sashe nasu da sufana da sukundireba. Amma suna buƙatar kulawa akai-akai fiye da motocin zamani.

Kafireta: yawancinsu suna da kafireta biyu samfurin SU, waɗanda dole a daidaita su su riƙa shaƙar iska daidai da juna. Kowace tana da ɗan wurin zuba mai a samanta, kuma idan ya bushe motar takan yi sheshsheƙa idan an taka totur.

Wuta: kamfanin Lucas ne ya yi yawancin kayan wutarsu. Motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 da yawa an haɗa batirinsu ne akasin yadda aka saba a yau, wato kan batir mai alamar tarawa shi ne ke haɗe da bodi. MGB ta sauya wannan tsari a 1967. Mai gyaran wutar da bai san haka ba yana iya ƙona rediyo ko wasu na'urori.

Notuna: an auna su da inci, ba da milimita ba. Amfani da sufanar motocin Japan yana cinye kan noti.

Fetur: an ƙera injunan ne don fetur mai gubar dalma, wanda aka daina sayarwa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara zuwa farkon 2006. Fetur marar dalma yana cinye mazaunin bawul a hankali, shi ya sa ake sa sabon mazauni mai tauri idan an buɗe kan inji.

Giris da bakin mai: ƙafafun gaba suna da wuraren ɗura giris da ake bi bayan kowace tafiyar kilomita 5,000 ko kusa da haka, kuma injunan sun fi son bakin mai mai kauri.

Kayan gyara da masu sana'a

Sabon Gari da Ƙofar Ruwa su ne manyan wuraren sayar da kayan mota a Kano, sababbi da na hannu, amma kasuwar ta karkata ga Toyota, Honda da sauran motocin da ke kan titi a yanzu. Ƙananan kaya irin su filogi, fanbel da boris ana iya samun wanda ya dace daga wata mota. Manyan kaya kuwa sai an yi odarsu daga Birtaniya ko Amurka, inda har yanzu ake ƙera su. Kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon bodin MGB tun 1988 da ainihin na'urorin da aka yi amfani da su a da. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa kuɗin oda da na dako sun yi tsada ƙwarai.

Abin da ba a samu ba, sau da yawa ana ƙera shi. A garejojin Fagge da kewayenta akwai masu walda, masu bugun bodi, masu fenti, masu ɗinkin kujeru da masu injin fiƙe ƙarfe da ke iya fitar da sashe daga samfurin tsohon. Wannan ilimi yana tafiya ne daga maigida zuwa yaron shago, ba a rubuce yake ba. Kanikawan da suka koyi aiki a zamanin Morris da Austin sun tsufa, matasa kuma sun fi koyon gyaran motocin da ake bincika da kwamfuta, domin nan ne ciniki yake.

Doka da takardu

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha bayyana cewa ba a yarda da tuƙa mota mai sitiyari a dama a titunan Najeriya ba. Dokokin kwastam kuma sun ƙayyade shekarun motar hannu da za a iya shigowa da ita. Saboda yawancin MGB da Triumph an ƙera su ne don kasuwar Amurka, akwai masu sitiyari a hagu da yawa, kuma ana samun kayan sauya hannun na asali. A Birtaniya motar da ta wuce shekara 40 tana samun sassauci a harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Ƙalubalen adanawa

Babbar barazana ga tsofaffin motoci a Kano ita ce kasuwar tsohon ƙarfe. Idan mai mota ya rasu kuma aka zo rabon gado, motar da ta daɗe a ajiye ba ta tashi takan tafi hannun 'yan gwangwan, a yanka ta a sayar a kan nauyi. Tare da ita ake rasa takardunta, lambarta da labarin waɗanda suka hau ta. Masu adana motocin tarihi suna ba da shawarar a ajiye mota a inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa idan za ta daɗe, a riƙa tayar da injin har ya yi zafi lokaci-lokaci, sannan a adana lambar shasi, ta inji da duk wata tsohuwar takarda, domin su ne ke tabbatar da asalin motar da darajarta.

Duba kuma

Fagge
Sabon Gari, Kano
Kasuwar Ƙofar Ruwa
Land Rover
Sufuri a Najeriya