Abincin Mai Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

A shekarar 1986 aka fara ba da sanarwar samun wannan cuta a Nijeriya, kuma daga irin ramar da take sa mutum ya yi Hausawa suka raɗa mata suna. Al'amarin ya sake tun daga 2006, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara ba da maganinta kyauta. Wanda yake shan maganinsa kullum yana iya yin noma, ko kasuwanci, ko aikin ofis kamar kowa. Sai dai jikin da yake fama da ƙwayar ya fi na mai lafiya bukatar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2003 cewa baligin da ciwo bai bayyana gare shi ba yana bukatar ƙarin kashi 10 cikin ɗari na abinci mai sa ƙarfi, in kuwa ciwon ya bayyana, kashi 20 zuwa 30.

Kada wannan ya tayar wa maigida hankali, domin ba abincin kanti ake nufi ba. Tuwon dawa ko gero, da doya, da shinkafa su ne masu sa ƙarfi. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kifi da ƙwai suna gina jiki. A yawaita zogale da alayyafo a miya, a ci gwanda da lemo. In marmarin abinci ya ɗauke, ko baki ya yi miki, a ba shi kunun gyaɗa ko faten wake kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, ba tare da barkono ba.

Zawo shi ne babban ɓarawon abin da aka ci. Saboda haka a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a dafa nama da ƙwai sosai. Nonon da ba a tafasa madararsa ba, a ƙyale shi komai daɗin furar.

Jama'a su sani, babu abinci ko tsimi da yake kashe wannan ƙwaya. Duk mai tallan da ya ce a ajiye maganin asibiti a sha nasa, kuɗinku yake so. Ko ƙwayoyin ƙarin jini da maganin gyambon ciki suna iya rage ƙarfin maganin dolutegravir da akasarin masu ƙwayar suke sha, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya lokacin da ya kamata a sha kowanne.

Uwa mai shan maganinta ta ba jaririnta nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa masa, sa'an nan a fara ba shi kunu tana ci gaba da shayarwa.

Akwai gidajen da har yanzu suke ware wa mai ƙwayar kwanonsa da moɗarsa. Wannan kuskure ne. Ba a ɗaukar ta ta wurin cin abinci tare, kuma wanda aka bari ya ci shi kaɗai ba safai yake cinye rabonsa ba.