Shin Da Gaske Janareta Zai Iya Aiki Da Ruwa? Ga Abin Da Gwaji A Gombe Ya Nuna

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, bidiyon "janareta mai amfani da ruwa" ya cika Facebook da TikTok. 'Yan'uwanmu masu shaguna a Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal suna yawan turo mini irinsa, suna tambaya ko su sa kuɗinsu. Tunda gani ya kori ji, sai na haɗa ƙaramar na'urar da hannuna a nan garin Gombe, na gwada.

Tushen maganar gaskiya ne. Ruwa haɗin iska biyu ne: haidirojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya. In aka ratsa wutar lantarki ta cikinsa sai su rabu, kuma haidirojin ɗin tana ci da wuta. Ba sabon abu ba ne, domin William Nicholson da Anthony Carlisle sun yi haka a Landan tun 1800.

Kayan da na haɗa ba su da wahalar samu: robar ruwa da aka yanke samanta, sandunan gawayi biyu na cikin tsohon batirin tocila, batirin babur mai bolt 12, waya, sirinji biyu masu cin mililita 50, da mitar da masu gyaran rediyo ke auna wuta da ita. Na huda gindin robar, na zura sandunan ta ƙasa da 'yar tazara tsakaninsu, na liƙe da gam. Ruwa zalla ba ya ɗaukar wuta sosai, don haka na zuba masa cokali biyu na bekin soda, irin ta masu yin kek. Sannan na toshe bakin kowane sirinji, na cika shi da ruwan, na kife shi a kan sanda guda.

Da na jona batirin, nan take kumfa ta fara tashi. Sandar da ke ɓangaren mai alamar ragi ita ta fi yin kumfa, nan ne haidirojin take fitowa. Mita ta nuna rabin amfiya. Bayan minti 10, iskar da ta taru a sirinjin ta kai kusan mililita 35. Na ɗebi kaɗan a ƙaramar kwalba na kai mata ashana a tsakar gida, sai ta yi 'yar ƙara "fat". Wannan ita ce shaidar haidirojin da ake koya wa ɗalibai a sakandare.

To, a nan lissafi yake shigowa. Bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano wajen 1833, amfiya ɗaya na tsawon awa ɗaya ba ya ba da fiye da kusan mililita 450 na haidirojin a irin wannan tukunya guda. Ba dabarar mai haɗawa ba ce ke ƙayyade shi, yawan wutar da ta ratsa ne. A gwajina, ƙarfin da ke cikin iskar da na tara bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wutar da batirin ya kashe ba. Sauran ya tafi wajen ɗumama ruwan. Kafin na'urata ta tara haidirojin mai ƙarfin litar fetur ɗaya, sai ta yi aiki dare da rana fiye da shekara ɗaya da rabi.

Wani zai ce ai tawa ta gida ce. Haka ne, amma ko a manyan masana'antu, samar da kilo ɗaya na haidirojin yana cin lita 9 na ruwa da yunit 50 zuwa 55 na wuta, alhali ƙarfin da ke cikin kilon bai wuce yunit 33 ba. In ka ƙona shi a ƙaramin janareta, ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan da ƙyar zai dawo maka a matsayin wuta. Dalili kuwa shi ne, in haidirojin ta ƙone ruwa take komawa. Wato ruwa kamar toka ne, abin da ya riga ya ƙone. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

An sha yin wannan ikirari. A Amurka, Stanley Meyer ya ce ya ƙera mota mai tafiya da ruwa, amma a 1996 wata kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu. Saboda haka duk wanda ya nuna maka janareta yana aiki da ruwa, tambaye shi: ina wutar da ke raba ruwan take fitowa? In ya ce daga janaretan ne, ka riƙe aljihunka. Ko dai akwai batir a ɓoye, ko fetur ko gas.

Wannan ba ya nufin haidirojin ba ta da amfani. Hanya ce ta ajiye wutar da ta yi rara daga sola ko daga madatsar ruwa irin ta Dadin Kowa, kuma ana yin takin zamani da ita. Amma ga mai shago ko mai sayar da ruwan sanyi, faifan sola da batir sun fi ta sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Ga malamai da ɗaliban da za su gwada: kada a sa gishiri, domin yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kada a jona da wutar NEPA. Kada a bar iskar biyu su haɗu a kwalba ɗaya, kada kuma a tara ta da yawa, domin da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki za ta iya kamawa da wuta. A yi a fili, babba yana tsaye. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a nema.