Mai wa'azin da ya sa wa ɗansa farashi: tsohon fim ɗin Telugu a kan kuɗin ango

Mutanen da ke magana da harshen Telugu a kudancin Indiya suna da wani karin magana mai cewa, gina gida ka gani, yi hidimar aure ka gani. Manufarsu ita ce, wanda bai taɓa ɗaukar nauyin ɗayan biyun nan ba bai san wuyar duniya ba. Daga rabin karin maganar aka ciro sunan fim ɗin Pelli Chesi Choodu, wanda ya fito a shekarar 1952, hoto mara kala, daga kamfanin Vijaya da ke birnin Madras, wato Chennai ta yau. L. V. Prasad ne ya ba da umarni, Nagi Reddy da Chakrapani suka ɗauki nauyi, aka kuma ɗauke shi lokaci guda cikin harshen Tamil.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa wannan shafi da fim ɗin Indiya. Ba kira muke yi ga kallo ba, kuma akwai waƙe-waƙe a cikinsa kamar sauran danginsa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, mugun da ke cikin labarin ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Mai wa'azi ne.

Labarin ya ginu ne a kan wata yarinya mai suna Ammadu, wadda ke zaune a ƙauye da mahaifiyarta da yayanta Raja, malamin makaranta. Ba su da dukiya, kuma a al'adar wurin iyayen mace ne ke biyan ango, abin da suke kira katnam. Kawunsu Govindayya, lauya mai wayo, ya ce ba zai taimaka a nema mata miji ba sai Raja ya auri 'yarsa, alhali 'yar tana son wani dabam. Raja ya ƙi, ya fita neman miji wa ƙanwarsa da kansa. A can ya haɗu da Viyyanna, mai sarauta da gonaki a suna, wanda hannunsa ya fi aljihunsa faɗi. Viyyanna ya ba shi 'yarsa, sannan ya samo wa Ammadu miji, wani matashin lauya mai suna Ramana, ya kuma ɗauki alkawarin biyan kuɗin da uban ango ya yanka.

Uban angon, Venkatapathy, aikinsa karanta littattafan addinin Hindu ne yana fassara wa jama'a. Ranar biki, da zugar Govindayya, ya ce sai an zube kuɗi a gabansa. Viyyanna ba shi da su, ya rubuta takardar alkawarin biya. Tsohon ya ƙi karɓa, ya janye ɗansa daga taron, aka bar amarya da danginta cikin kunya a gaban baƙi.

A nan ne fim ɗin ya yi abin da ya sa ake tunawa da shi. Bai mai da tsohon dodo ba. Mutum ne da jama'a ke girmamawa, yana magana a kan gudun duniya, kuma ga alama ya yarda da abin da yake faɗa. Sai dai bai taɓa jin cewa karatunsa ya shafi lissafin auren ɗansa ba. Ya kashe kuɗi yaro ya zama lauya, saboda haka dole wani ya biya. Mu da muke hawa mumbari mun san wannan ɗaki na zuciya da wa'azi ba ya shiga. Sau nawa aka yi huɗuba a kan sauƙaƙa aure ranar Juma'a, Asabar kuma aka ƙirga akwatunan lefe a gidan mai huɗubar?

Ramana bai yarda ya rabu da amaryarsa ba, amma bai iya fuskantar mahaifinsa ba. Ya zauna da ita a Madras a ɓoye. Da tsohon ya iso, sai ya yi haukan ƙarya, Ammadu ta shiga kayan ma'aikaciyar jinya, Raja ya zama likita. A haka ta riƙa yi wa surukinta hidima tana sauraron karatunsa, har ya ƙaunaci halinta bai san ko wace ce ba. Daga baya ta haihu, tsegumi ya tashi a ƙauye, asiri ya tonu, tsohon ya karɓe ta ba tare da ko kwabo ba. Masu kallo sun yi dariya, amma mu ba mu ga abin koyi a hanyar Ramana ba. Da ya tsaya ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya cikin ladabi, da ba a taɓa mutuncin matarsa a bakin mutane ba. Ɓoye aure yana da tsada, kuma mace ce ke biya. Shi ya sa shari'a ta yi umarni da bayyana shi.

Ƙasar Telugu ta ɗanɗani cinikin aure ta fuska biyu. A 1892 Gurajada Apparao ya fito da wasan kwaikwayon Kanyasulkam, a kan iyayen da ke sayar da ƙananan 'ya'yansu mata ga tsofaffi. Shekaru 60 bayan haka kuɗin ya juya hanya, namiji ne ake saye. A duka biyun, yarinyar ba ta da ko sisi a cikin abin da ake miƙawa. Nan ne bambancin sadaki yake. Aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a bai wa matan kansu sadakinsu, kyauta da daɗin rai. Ba na uba ba ne, ba na waliyyi ba ne, balle ya zama daga gidanta ake kwasowa a kai wa miji.

Amma Musulmin Indiya ba su tsira ba. Suna kiran abin jahez, wasu har suna kafa hujja da kayan da Annabi (SAW) ya haɗa wa Nana Faɗima. Wanda ya duba ruwayar zai ga mayafi ne, da salkar ruwa, da matashin kai, kuma Sayyidina Ali bai nemi kome ba, shi ne ma ya ba da sulkensa sadaki. Galibin Musulmin Indiya Hanafiyya ne, kuma a mazhabarsu ba a wajabta wa mace ta zo da ko tabarma ba, tanadin gida na kan miji. Malikiyya da muke bi sun ce ta yi kayan ɗaki da abin da ta karɓa na sadaki gwargwadon al'ada. Sai mu tambayi kanmu ko gado da kujeru da gara da ake jibga wa uban amarya a yau daga sadakin suke fitowa. Ba mu ce gara daidai take da katnam ba, domin kayan ɗaki mallakar amarya ne. Amma ranar da dangin miji suka fara leƙa ɗaki suna raina abin da aka kawo, an kama hanyar Venkatapathy.

Indiya ta haramta bayarwa da karɓar kuɗin ango da doka a 1961, shekaru 9 bayan fim ɗin. Dokar ba ta kashe al'adar ba, har sai da aka ƙara laifin cutar da mata a gidan miji a 1983, da laifin mutuwar amarya saboda kuɗin ango a 1986. Duk da haka, alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta ƙasar na shekarar 2022 sun nuna mata sama da 6,000 ne suka mutu a shekarar a kan wannan.

Wanda ya fito a matsayin Ramana, N. T. Rama Rao, ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a 1982, ya zama babban ministan jihar Andhra Pradesh a 1983. A zamaninsa ne jihar ta gyara dokar gadon mabiya Hindu a 1986, ta bai wa 'ya mace haƙƙi a dukiyar kakanni kamar ɗa namiji, domin hana ta gado na cikin abin da ake kafa hujja da shi wajen neman kuɗin ango. Gwamnatin tarayyar Indiya ba ta yi irin wannan gyara ga ƙasa baki ɗaya ba sai a 2005.