Waƙar da Muka Ajiye Tun Ƙuruciya

Da yawa cikinmu a ƙasar Funtua da Malumfashi mun taɓa rubuta waƙa a bayan littafin makaranta. Sai aure ya zo, ga noman auduga da masara, ga kuɗin makarantar yara, muka ajiye alkalami. Yanzu furfura ta fito, muna cewa lokaci ya wuce. Ashe haka ne?

Mu duba Littafi Mai Tsarki. Musa yana da shekara 120 lokacin da ya koya wa Isra'ilawa waƙar da ke Maimaitawar Shari'a sura 32. Zakariya uban Yohanna tsoho ne, ya yi wata tara bakinsa a rufe, da ya buɗe kuwa waƙar yabo ce ta fito. Waƙar tsoho tana da nauyi, gama ya ga fari, ya ga yalwa, ya binne masoya.

A nan gida ma mun shaida. Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtua, bai rabu da waƙa ba har kusan rasuwarsa a 1999. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, duk da haka waƙoƙinsa sun kai gare mu domin an rubuta su. Abin da ya kamata ya dame mu ke nan. Iyayenmu a Zumuntar Mata sun tsara waƙoƙi masu yawa da ka, in mai waƙar ta rasu sai rabin baitocin su bi ta kabari.

To, yaya za mu koma? Rubutacciyar waƙa tana tsaye kan abu uku: baiti, da kari, da amsa-amo. Mu fara da 'yar ƙwar biyu, wato layi biyu a kowane baiti. Mu zaɓi gaɓa ɗaya wadda kowane baiti zai ƙare da ita. Sa'an nan mu rera da baki, gama kunne ne ke gane layin da ya yi ɗingishi. Kada ƙa'ida ta tsorata mu: Zabura 119 tana da kashi 22, kowanne aya 8, bisa jerin haruffan Ibrananci.

In an gama girbi, rani ya shigo, mu sayi littafin rubutu. Baiti ɗaya a mako ya isa. Mu karanta wa jikokinmu, mu kuma zauna da tsofaffin mata mu rubuta nasu tun suna da rai.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.