Injin Gurza Da Ruwan Manoman Kura Da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya kawo Kura ko Kadawa, zai ga gonaki kore shar dama da hagu, alhali sauran ƙasa ta bushe ƙayau. Wannan albarka kuwa daga madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka fara ginawa cikin 1971, aka gama cikin 1974, zamanin Gwamnan Soja na Jihar Kano, Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Baƙo. An tsara kashi na farko na Shirin Noman Rani na Kogin Kano domin ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya shirin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 1976.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, ba inji ke tura wannan ruwa ba. Gangara ce kaɗai ke kawo shi, tun daga Tiga, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya shiga manyan hanyoyin ruwa, sannan ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gonar mai shinkafa ko alkama ko tumatir. Wasu sassan hanyoyin an shimfiɗa musu kankare, haka nan ƙofofin ruwa da kwalbatoci da wuraren da ruwa ke faɗawa duk da kankare aka gina su. To, tun da gangara ce ke aiki, duk abin da ya rage wa ruwan gudu, a kan manomin da gonarsa ke can ƙarshe yake ƙarewa.

Santsi Da Kaushi

Wani injiniya mutumin ƙasar Ailan, mai suna Robert Manning, ya fitar da wani lissafi cikin 1889, wanda har yau da shi ake auna gudun ruwa a hanya. Cikin lissafin an ba kowace irin fuska lambar kaushinta. Kankare mai santsi lambarsa wajen 0.013 ce, wanda ya yi kaushi kuwa yakan kai 0.017. Bambancin ƙanƙane ne a ido, amma ma'anarsa ita ce, hanyoyi biyu masu faɗi ɗaya da zurfi ɗaya da gangara ɗaya, mai kaushin za ta kasa 'yar'uwarta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da take ɗauka. Ɗalibi mai son tabbatarwa sai ya raba 13 da 17 ya gani.

Shin me ke ɓata fuskar kankare? Zafin bazara yana sa shi ya buɗe, sanyin hunturu ya sa ya tsuke, yau da gobe sai ya tsage. Yashin da ruwa ke ɗauke da shi yana cin fuskar har tsakuwa ta fito. Gansakuka da laka suna manne masa. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya wanke ƙasar da ke bayan kankaren, ciyawa ta kafa saiwa, wata rana a wayi gari gefe guda ya rufta. Ruwan da ya tsiyaye kuma ba a banza yake tafiya ba, kwanciya yake a gonakin kusa, ya taso da gishiri, ya ba ciyawar kachala wurin zama.

Yadda Ake Aikin

A nan ne injin gurza na hannu ke da rana, wato irin wanda masu walda ke goge ƙarfe da shi. Sai dai don kankare akan ɗaura masa faifai na musamman mai ƙwayoyin daiman a bakinsa, domin faifan ƙarfe ba zai jure ba. Ƙaramin, mai faifan milimita 115, yakan juya wajen sau 11,000 a minti ɗaya, babban kuwa mai milimita 230 wajen sau 6,500.

Ana yin aikin ne lokacin da aka rufe ruwa, hanya ta bushe. Da farko a kwashe laka, a nome ciyawa. Sannan magini ya bi wurin yana ƙwanƙwasawa da guduma: inda ya ji sauti kamar na ganga, alama ce ƙarƙashin rami ne, sai a fasa a cike, domin gurza ba ta maganin wannan. Inda kankaren ke da lafiya, sai a sa inji a cire gansakuka da ɓawon da ya rube, har a kai ga jiki mai ƙwari. Tsaga kuma a bi ta da bakin faifai a ɗan buɗe ta, don abin da za a cusa ya sami wurin zama. Bayan haka a wanke ƙurar sarai, a jiƙa wurin, sannan a yaɓa sabon kwaɓi.

Akwai wani kuskure da sababbin hannu ke yawan yi, wato su goge wurin da za a yi wa faci har ya yi sumul kamar madubi. Sabon siminti ba ya kama fuska mai santsi. Kafin faci, tsabta ake so da ɗan kaushi. Santsin sai bayan facin ya yi ƙwari, sa'an nan a koma a rage tudu da kaifin baki don ruwa ya wuce ba tuntuɓe. Ya kamata a riƙa yayyafa wa facin ruwa har kwana 7, cikakken ƙarfin kankare kuwa a kwana 28 ake auna shi. Haka nan kada a tsaya wuri ɗaya ana ta ci, domin shimfiɗar ba ta da kauri sosai, kuma inda akwai rodi a ciki, da zarar an rage abin da ya rufe shi sai tsatsa ta kama.

Lafiyar Mai Aiki

Farar ƙurar da ke tashi daga kankare ba irin ƙurar hanya ba ce. Tana ɗauke da sinadarin silika na cikin yashi, wanda in ya taru a huhu yakan sa shi ya taurare. Cutar ba ta warkewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rufe hanci da rawani ko hankici bai isa ba. Sai an sa takunkumi mai tace ƙura, an kuma riƙa jiƙa wurin, ko a haɗa injin da na'urar zuƙe ƙura. Amma a tuna, ruwa da lantarki ba sa ga maciji, saboda haka dole a ɗage waya daga danshi, a guji wadda ta kware. A sa tabarau, kada a cire murfin da ke kare faifai, kada kuma a ɗaura faifan da ya tsage, ko wanda gudun da aka rubuta a jikinsa bai kai na injin ba. Yawancin masu wannan aiki matasa ne 'yan ga-ruwa-ga-aiki da ba su san haɗarin ba, don haka nauyin yana kan ɗan kwangila da ma'aikacin da aka wakilta ya duba shi.

Gyara Tun Da Wuri

Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da ba Nijeriya rancen kimanin dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya gyara manyan ayyukan noman rani na Arewa, har da na Kogin Kano da Kwarin Haɗejiya da Bakolori. Shirin ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, domin su ɗauki nauyin kula da ƙananan hanyoyi. Wannan kuɗi bashi ne, biya za a yi, kuma babban dalilin da ya sa aka ci shi shi ne shekaru da aka yi ana barin ƙaramar ɓarna tana girma.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi su ware wa gyaran shekara-shekara rabonsa, su kuma fitar da shi kafin lokacin rufe ruwa, ba bayansa ba. Ƙungiyoyin manoma su riƙa zagaya hanyoyinsu suna kai rahoton tsaga tun tana siririya. Ɗaliban makarantun koyon sana'a da na aikin injiniya kuwa kada su raina wannan aiki don ƙura da ƙarar da ke cikinsa. Buhun siminti kaɗan da faifai ɗaya a bana sun fi tirelar siminti baɗi, kuma da su ne ruwan Tiga zai ci gaba da isa ga manomin da ke ƙarshen hanya. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada.